Musun da Ɗan Kawuna Ya Bar Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda ya ba mu aron ɗan kawuna ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi. Ba mu da ta cewa sai godiya, don aron ya daɗe a hannunmu har mun fara ɗauka namu ne.

Bayan azahar aka sallace shi a Harami. Daga nan kafaɗu suka ɗauka zuwa maƙabartar Mu'alla da saurin nan na mutanen Makka, wanda in ba ka saba ba sai ka ce gudu ake kada mamacin ya fasa tafiyar. Masu kanti suna fitowa su sa kafaɗa taku kaɗan, su koma kan cinikinsu, ba su ma san ko wane ne ba. Ni ina can baya ina jan ƙafa ina haki. Kafin in isa har an fara mayar da ƙasa.

Kowa da irin jimaminsa. Wani baƙo da ya iso bana daga ƙasar Katsina, faso ko warkewa bai yi a ƙafarsa ba, ya riƙe hannuna yana cewa, "Kai, wannan bawan Allah ya dace! Salla a Harami, kwanciya a Mu'alla!" Na ji har da ɗan ƙyashi a muryarsa. Tsofaffin 'yan ga-ruwa, waɗanda a nan ake ce wa saƙƙa, suka tsaya gefe guda hannu a baya, ɗayansu ya ce, "Yau salka ta yi maraici." Babban ɗan marigayin, mai tuƙin mota tsakanin Makka da Jidda, yana karɓar gaisuwa da Larabci yana mayarwa tsaf, ba ya tuntuɓe. Iya kuwa, matar marigayin, ba ta yi kururuwa ba. Da na tsaya bakin asabari zan yi mata gaisuwa, cewa ta yi, "To, ka huta. Ba mai sake damunka da Bahago."

Na yi mata gaisuwar na koma cikin maza.

Wanda bai zauna garin nan ba sai an gaya masa: a nan kabari ba ya ɗaukar suna. Dutse a kai, dutse a ƙafa, shi ke nan. In shekaru suka ja, a buɗe wurin a kwantar da wani, don masu son kwanciya a ƙasar nan sun fi ƙasar yawa. Wanda duk ya rasu, in ba a baki ya zauna ba, to bai zauna ko'ina ba. Dalilin da ya sa ke nan na ɗauki alƙalami, ni da izu biyu kawai na yi malam ya ba mahaifiyata shawara ta nema mini sana'ar ƙarfi. Baƙaƙena kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito tana neman gida. Mai karantawa ya yi haƙuri.

Mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, don haka shi taubashina ne, abokin wasana, duk da ya ba ni shekaru masu kauri. Unguwa na ce masa Baffa, yaran da aka haifa nan na ce masa Ammu, ni kuwa ɗan kawu nake ce masa, shi ya ce mini ɗan gwaggo in yana cikin daɗin rai, sarkin jakai in ba ya ciki. Tare iyayenmu suka baro ƙasar Kano a ƙafa, yana saurayi ina ɗan mitsitsi, rabin hanyar a wuyansa na yi ta. Ya kan gaya wa mutane tun a Darfur na fara yi masa fitsari a wuya, kuma har yau ban daina ba, sai dai na koma yi da baki.

Baduku ne. A bakin wani lungu a unguwar Jarwal yake zama, cikin rumfar da aka yi da fasassun garewani, yana ɗinkin salka da facinta. Duk ɗan ga-ruwan da salkarsa ta fara hawaye wurinsa zai zo. Kuma bai taɓa fara duban fuskar mutum ba, ƙafa yake dubawa. Ya kan ce fuska ta iya ƙarya, ƙafa ba ta koya ba. In ayarin 'yan uwanmu ya iso daga gaɓar teku, mutane sun yi shekaru a hanya, tafin ƙafa ya tsage kamar ƙasar fadama da rani, sai ka gan shi ya je yana zagaya su yana tsiya.

"Malam, wannan ƙafa ce ko faranti? Ɗora nan in ga ikon Allah."

Mutum ya ɗora a kan guntun fata yana jin kunya, shi kuwa ya zagaye ta da gawayi yana ta dariya. Kwana biyu sai a ga takalma sun bayyana a bakin bukkar baƙon. In aka zo godiya ya ce shi bai san zancen ba, wa zai ɓata fatarsa a kan ƙafar da ta yi kama da faranti? Rabin tsofaffin da suka bi gawarsa, takalminsu na farko a Makka na ragowar salka ne.

Amma duk ƙafar da ya auna, sai ya girgiza kai ya ce, "Ba ta kai ba." Kowa ya san wadda ba ta kai ba ɗin. Ƙafar Bahago.

Bahago ɗan ga-ruwa ne, Bagobiri, shi kaɗai ya zo, ba uwa ba uba. Tun asuba yake hawa duwatsun garin nan da garwa biyu a sanda, ba takalmi, har la'asar. A zamaninsa ƙwallo ta shigo mana, wajen mutanen Jawa da Sudaniyawa muka gan ta. Ba a jima ba aka hana. Aka ce tana bayyana cinya, tana shagaltar da salla, ga faɗa da take haddasawa tsakanin unguwanni. Masu sandan nan da ke zagaya kasuwa suna kora mutane masallaci, in suka kama ka da ita, bayanka ne zai ba da labari. Sai masu so suka koma wani kwari bayan duwatsu, ta hanyar Ka'akiyya, inda a lokacin ba kowa sai awakin Badawi, Larabawan daji. Ranar Juma'a bayan la'asar ake haɗuwa, a zo ɗaya-ɗaya kamar masu zuwa neman itace.

Ƙwallon kanti ba ta samuwa, ɗan kawuna ne ya ɗinka. Fatar salka a waje, mafitsarar bijimin sa a ciki, a hura da kara a ɗaure. Dole kullum yana bakin fage da basillarsa, don takan fashe a tsakiyar wasa. Ni ma an ba ni muƙami. Da aka gwada ni aka ga in na kai wa ƙwallo duka ƙasa nake samu, sai aka tuna Allah ya ba ni baiwa guda: na iya kukan jaki, irin wanda jakan gaske ke amsawa. Aka ɗora ni kan dutse, fuskata na duban hanyar gari, bayana na duban fage. In na hango masu sanda in yi kuka. Nan take 'yan wasa su zube ƙasa kamar masu hutawa, ɗan kawuna ya rungume ƙwallo ya soka mata basilla, ta koma salkar da ake wa faci.

Sharaɗi ɗaya aka kafa mini: kada in waiwaya. Ban kuwa taɓa waiwayawa ba, don na san bayana ne zai fara shan sanda. Ta haka na zama mutumin da bai taɓa fashin wasan Bahago ba, kuma bai taɓa ganin ko ɗaya ba.

Wannan ne jarin musunmu, muka yi ta juya shi har ya tsufa na tsufa.

Yawanci a gahawar bakin lungu ake yi, inda maza ke zama shan shayi. Ya kurɓa, ya ajiye finjali, ya fara. "Tun da aka halicci ƙafa ba a yi kamar Bahago ba, kuma ba za a yi ba. Yaran yanzu an ba su ƙwallo mai ladabi, zagayayya kamar lemo, an ba su takalmi mai haƙora, an share musu fili. Ko Iya aka ba wannan sai ta ci. Tawa ƙwallon fa? Ni na ɗinka ta, na san halinta. Gefe guda ya fi nauyi. Ka aike ta gabas ta nufi kudu, kamar akuyar da aka sayo jiya. Shi kaɗai take jin maganarsa."

Ni kuma in ce, "To ai ka faɗa da bakinka, ɗan kawu. Ƙwallo karkatacciya, ƙafa karkatacciya, suka haɗu suka miƙe. Wannan dace ne, ba gwaninta ba."

"Ji shashasha."

"Kuma da wa ya kara? Da telolin Jawa da tsawonsu bai wuce ƙugunsa ba, da wani Basudane mai tumbi. Gidan cin ƙwallon ma duwatsu biyu ne masu ƙafa. In ku za ku buga su buɗe, in su za su buga su matse."

"Da azumi a bakinsa fa! Ya wuni yana hawa dutse da ruwan da ba zai sha ba, ya zo ya yi wasa a kan tsakuwa. Kawo mini ɗaya cikin masu takalmin nan naka ya hau dutse da garwa biyu, in ya sauko ya iya faɗin sunan uwarsa, na sallama."

"Wa ya ƙirga cin da ya yi? Akwai alƙali?"

"Kai da ƙeya ka ba shi, har kana da bakin magana?"

"Ƙeyata ba ta ga komai ba, kuma ba ta yarda da abin da ba ta gani ba."

Sai gahawa ta ɗauki dariya, mai shayi ya ƙaro wani ba a tambaye shi ba, yara su matso. Daga nan sai labarin babban bugu. Wata Juma'a, in ji shi, Bahago ya ɗauko ƙwallo tun daga gidansu, ya wuce mutane kamar ruwa na wuce duwatsu, bai taɓa jikin kowa ba, don bai taɓa harbin ƙafar ɗan Adam ba, sa'an nan ya sake ta da hagu. Basudanen da ke tsaron gida ya ga abin da ke zuwa, ya tuna yana da iyali, ya kwanta. Da farko ƙwallon a gindin wata ƙaya ta sauka. Bayan 'yan shekaru ta wuce ƙayar ta kai rijiya. Da aka ƙara jimawa sai wani Badawi ne ya tsinto ta cikin awakinsa ya kawo. A ƙarshen rayuwarsa har ta tsallake garin gaba ɗaya ta faɗa unguwar Shisha.

Na ce, "Ɗan kawu, daga Ka'akiyya zuwa Shisha? Ashe ta saman Harami ta bi?"

Ya murza gemu. Can ya ce, "Ta kauce. A nan tana da ladabi."

Bahago bai yi tsawon rai ba. Wata shekara a Mina, yana kai wa alhazai ruwa, zazzaɓi ya kama shi, kafin a gama jifa ya cika. Ba mata, ba ɗa, ba wanda za a aika wa labari a gida. Ɗan kawuna ne ya wanke shi. Aka kwantar da shi cikin mamatan wannan aikin hajji, waɗanda suke da yawa. Na san ɗan kawuna ya riƙa zuwa wurin na ɗan lokaci, har ranar da ya dawo ya ce mini ya tarar da sabuwar ƙasa a kai, an sa wani. Bai ƙara maganar kabarin ba. Da aka zo aka sake barin wasan, aka yi fili da raga da alƙali mai usur, Bahago ya riga ya narke. Bai taɓa bugawa a gaban taron da ya wuce na masu zuwa neman itace ba. Su ma suka watse. Mutanen Jawa suka koma ƙasarsu, Basudanen ya haye teku da tumbinsa, sauran Mu'alla ta karɓe su ɗaya bayan ɗaya.

Faɗa na gaske sau ɗaya muka yi, kuma ba a kan zagi ba.

Lokacin babban yaƙin duniya ne, jiragen ruwa sun ɗauke ƙafa, alhazai sun yi ƙaranci, gari ya bushe. Ni ɗan dako ne, kuma ɗan dako ba alhaji kamar guga ne ba rijiya. Ran nan na wuni a bakin kasuwa ban ɗauki ko tsinke ba, ga yara a gida suna duban hannuna. Na biyo ta rumfarsa na zauna don in sami inuwa. Ya ɗago kai ya fara, "Tun da aka halicci ƙafa..." Ni kuwa wallahi ko numfashi nauyi yake mini. Na ce, "Haka ne, ɗan kawu. Na yarda. Bahago ya fi kowa, na da da na yanzu. Shi ke nan?"

Ya ajiye basilla. Ya dube ni, a fuska, ba a ƙafa ba. Ya tattara fatunsa ya shige gida da rana tsaka.

Daga ranar ya daina yi mini magana. In na yi sallama ya amsa don farilla, ya juya kai. Ya aiko wa iyalina da hatsi ta hannun Iya, amma ni ko kallo. Na yi ta lissafin abin da na yi. Na taɓa ce masa maƙaryaci a gaban surukinsa, ya yi dariya. Na taɓa cewa ɗinkinsa ne ya sa ƙishirwa ta yi yawa a Makka, ya saya mini shayi. Yau na ba shi gaskiya, ya ɗauke mini wuta. Har aka ga watan azumi muna haka. Na gaji na je wurin Iya.

Ta ce, "Kai dai tsawon kunne ne kawai ya rage maka. Bahagon nan ba shi da ɗa, ba shi da kabari. Ba shi da kowa sai bakin mijina. Bakin kuma ba ya buɗewa sai ka tsokane shi. Maganar da aka yarda da ita ninke ta ake yi a sa a adaka. Wadda ake musu a kanta ita ake sawa a jiki kullum. Ka je ka ninke masa yaro, kana tambayar me ka yi?"

Washegari na je rumfar, na tsaya a kansa, na ce, "Na yi tunani. Bahagon nan naka ma ashe ɗingishi yake yi."

Ban taɓa ganin fuska ta waye kamar tasa ba. Ya ce, "Zauna, sarkin jakai, zauna in ilimantar da kai." Da aka sha ruwa shi ya biya shayi. A zaman nan ne ƙwallon ta fara kaiwa rijiya.

Shekarun baya-bayan nan ba su yi masa daɗi ba. Garwa ta kori salka, famfo ya zo yana korar garwa. Idonsa ya daina ganin ramin basilla. Ɗansa ya ɗauke su ya mayar unguwar Mansur, gidan ƙasa da dutse mai ƙofar katako, ya fi rumfar Jarwal kyau nesa ba kusa ba, shi kuwa ya zauna a ciki kamar baƙo. Gahawar can akwai rediyo, samari na kewaye da ita, bakinsu ba kowa sai wani ɗan wasa da suke kira Barƙu, wato walƙiya. Jikansa na fari ma ɗan ƙwallo ne, saurayi dogo mai takalmi mai haƙora. Nan aka haife shi, Hausarsa kamar shayin gidan marowaci, launi kawai. Tsohon ya yi ta jan sa da tsokana. Ya ce masa Barƙunku ko garwar Bahago bai isa ɗauka ba. Yaron, da yake an yi masa tarbiyya irin ta nan, sai ya sunkuya ya sumbaci kansa ya ce, "Sadaƙta, ya jaddi," wato ka yi gaskiya, kaka. Ya wuce abinsa. In na zo sai in tarar da tsohon zugum.

"Sun kashe ni da ladabi, ɗan gwaggo," ya ce mini.

Ni ma ƙafa ta fara ƙi, daga Jarwal zuwa Mansur ya zame mini kamar Darfur. Amma nakan je, in huta a hanya, in isa in ƙaryata shi, in dawo. Zuwana na ƙarshe yana kwance, murya ta shige ciki. Na ce masa na sami labari ashe Basudanen nan makaho ne. Ya yi murmushi, bai iya ramawa ba. Can ya kama yatsana ya ce, "Dubi ikon Allah. Duk waɗanda suka gani sun tafi. Shaida ɗaya ya bar mini, shi ma da ƙeya ya halarta."

Na gyara masa mayafi na fito.

Zaman makoki a nan kwana uku ne, tsakanin magariba da lisha. A jera kujeru a lungu, a kunna fitila, a riƙa zagayawa da gahawa mai ɗaci. A rana ta uku, bayan an sauke karatu an kawo shinkafa, zama ya ɗan saki. Ina kusa da ƙofar gida, inda Iya ke zaune daga ciki bayan asabari, tana takaba. Abokan jikan suna gefe suna ƙus-ƙus, na ji sunan Barƙu ya fito, wani na cewa ba a taɓa yin kamarsa ba. Sai na ga tsofaffin 'yan ga-ruwa sun ɗaga kai sun dubi kujerar da ba kowa, kamar masu jiran liman ya ta da kabbara. Ba wanda ya tayar. Suka mayar da kai kan shinkafa.

Nan na gane abin da ake binnewa a gabana. Ranar Talata mutum ɗaya muka kai Mu'alla, yau za a kai na biyu, ba wanka ba salla.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Tun da aka halicci ƙafa," na ce, da ƙarfi, har mai zuba gahawa ya tsaya, "ba a yi kamar Bahagon Jarwal ba. Barƙunku ko garwarsa bai isa ɗauka ba."

Tsofaffi suka dube ni kamar sun ga jaki na limanci. Jikan ya taso a hankali, ya sunkuyo, ya sumbaci kaina. "Sadaƙta, ya jaddi."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ƙasa a fuska. Na ce a raina, to ɗan kawu, na gwada, ka gani.

Sai murya ta fito daga bayan asabari. "Kai, ɗan nan! Zo nan kusa." Iya ce. "Wannan tsohon taubashin kakanka ne, don haka kakanka ne, abokin wasanka ne. A garinmu jika ba ya lashe kan kaka, tsokanarsa yake yi. Ce masa ƙarya yake."

Babban ɗan ya matso da sauri. "Iya, aibu ne, ga mutane, ga makoki."

"Rufe mini baki. Kai ka fara ninke ubanka tun yana da rai. Ɗan nan, ina jinka."

Yaron ya tsaya yana duban ubansa, yana duban asabari. Ya ce, "Kaka... kai ƙarya."

Wani tsoho ya ƙware da shinkafa. Na ce, "Me ka ce, mai takalmin aro?"

"Ƙarya!" Yanzu ya ɗan sami ƙafa, Hausa da Larabci suna tuntuɓe da juna a bakinsa. "Ƙwallo na fitsari na sa, ba ya tafiya Shisha. Mustahil! Da, yana faɗi a ƙaya, ba'aden rijiya, ba'aden Badawi. Kullum yana ƙara! Kuma gida duwatsu ne, suna tafiya. Kuma kai ba ka gani komai, kana sama dutse kana kuka na himar!"

Ashe duk yana ji. Shekara da shekaru yana sumbatar kai yana wucewa, ashe ƙaya da rijiya da Badawi duk suna cikinsa a jere. Na kurɓi gahawa.

Na ce, "Ban gani ba, gaskiyarka. Amma kusa da ƙeya akwai kunne. Zauna in ilimantar da kai."

Na gaya musu abin da ban taɓa gaya wa ɗan kawuna ba, don da na gaya masa da ya sake ɗauke mini wuta. Daga kan dutsen nan na san bugun kowa. Na sauran mutane ɗaf yake yi, kamar an mari jiƙaƙƙiyar salka. Na Bahago dum yake yi, kamar taɓarya ta faɗa turmin da ba komai, dutsen da ke gabana ya amsa, na bayansa ya karɓa. Bayan nan sai shiru. Mutum wajen ashirin a kwari, ba mai numfashi, har ina jin kukan akuya daga nesa. Sa'an nan ihu ya tashi. Na ce musu na je sabon filinku, na zauna da fuskata gaba kamar mutumin kirki, na ga Barƙu, yaro ne mai kyau, Allah ya ƙara masa. Na ji ihu iri-iri. Shirun nan ne ban sake ji ba.

"Dutse ne yana yin sauti," in ji jikan. "Kowa ya buga a kwari, dum."

"To me ya hana Basudanen yin dum?"

"Shi gola ne, ya jaddi!"

Lungu ya kece da dariya, a gidan makoki, har liman ya rufe baki da gefen rawani. Wani tsohon ɗan ga-ruwa da bai taɓa zuwa kwarin ba ya rantse shi ma ya ji ƙarar daga Jarwal. Abokan yaron suka ja kujeru suka matso suna ta "mustahil, mustahil". Daga bayan asabari kuwa na ji Iya ta fara kuka, kukan da ta riƙe tun ranar Talata. Ba wanda ya hana ta.

Allah ya jiƙan ɗan kawuna. Ya sa takalman da ya musanta ɗinkawa su yi masa shaida ranar da ƙafafu za su yi magana. Ya yalwata masa wurin kwanciyarsa komai yawan waɗanda za a sa a kai, shi da marayan Bagobirin da ya wanke da hannunsa, da iyayenmu da suka faɗi a hanya, da dukkan Musulmi. Mu da muka rage, mun gaji, Allah ya sa mu cika da kyau.

Da za a watse jikan ya raka ni bakin lungu. Bai sumbaci kaina ba. Ya ce ranar Juma'a bayan la'asar zai zo Jarwal da abokansa, su ɗauke ni a mota in nuna musu kwarin, su buga su ji ko dutse zai yi dum, don a gama maganar nan gaba ɗaya.

Na ce su zo. Ba su san Shisha ta yi kusa ba. Jiya na tuna ashe a Mina ƙwallon ta sauka.